Talabijin Ko Majigi: Yadda Za Ka Gwada Kyawun Hoto Kafin Ka Saki Kuɗinka

A bazarar da ta wuce yayana ya kira ni gidansa da ke Mabera a cikin Sakkwato, muryarsa kaɗai ta gaya mini ransa a ɓace yake. Ya sayi majigi mai tsadar gaske, an rataye masa shi a silin, an kafa farin allo mai inci 120 a bangon falo. Na isa bayan la'asar, ana buga ƙwallo. Ciyawar filin ta koɗe kamar tsohon zane, rigunan 'yan wasa sun dushe, fuskar alƙalin wasa kuwa sai ka ƙura ido kafin ka gane ta. Ya ce, "Kai duba wanga abu. A shago ba haka shike ba."

Na ce, "Yaya, kashe shi tukuna." Ya kashe. Na nuna masa allon, na tambaye shi kalar da yake gani. Ya ce fari ne mana. Na ce to, wannan farin shi ne iyakar baƙin da majiginka zai iya nunawa a wannan ɗaki, a wannan lokaci.

Majigi haske yake jefawa, ba ya jefa duhu. Inda hoto ke buƙatar baƙi, sai kawai ya ƙi haska wurin, ya bar allon da duk hasken da ɗakin ya zuba masa. Talabijin kuwa gilashinta baƙi ne tun asali, haskenta daga cikinta yake fitowa. Duk matakan da ke tafe a kan wannan bambanci suka ginu.

Mataki na farko: gwada ɗakin kafin ka gwada na'ura

Samo farar takarda babba ko farin yadi, ka manna a bangon da kake son kafa allo. Zauna inda ka saba zama, ka dube ta sau uku a rana guda: da hantsi, da la'asar, da bayan isha'i. A kowane lokaci ka bar ɗakin yadda iyalinka suka saba barinsa. Kada ka yaudari kanka da kashe ƙwan da ka san uwargida ba za ta yarda a zauna babu shi ba. Idan takardar tana haske fes a lokutan da kuka fi kallo, majigi zai ba ka kunya, komai tsadarsa.

Sai ka ɗaga kai ka dubi silin, ka sunkuya ka dubi ƙasa. Yawancin sababbin gidajenmu na Arkilla, Bado da Gawon Nama farin silin ne na POP, farin fenti, ga tayil mai sheƙi. Ko ka rufe tagogi da labule mai kauri ka kashe kowane ƙwai, hasken da allon ya dawo da shi zai bugi silin da tayil, ya koma kan allon, ya wanke wuraren da ya kamata su yi duhu. Shi ya sa bangon gidajen sinima ke da duhu. Maganinsa darduma mai duhu a gaban allo, labule mai duhu a gefe da gefe, da fenti marar sheƙi mai duhu a silin, aƙalla mita ɗaya zuwa biyu daga bangon allon. Idan ba za ka iya yi wa falonka haka ba, ka riga ka samu rabin amsarka.

Kafin ka tashi, ɗauko tef ka auna daga kujerarka zuwa bango. Rubuta lambar.

Mataki na biyu: girma da tazara

A nan majigi ke da bakin magana. Allo mai inci 100 (daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna incin) faɗinsa santimita 221 ne, tsayinsa 125. Talabijin mai inci 65 faɗinta santimita 144. A girman filin allo, inci 100 ya ninka inci 65 fiye da sau biyu, inci 120 kuwa kusan sau uku da rabi. Wannan girma yana shiga jiki ta hanyar da lamba ba ta bayyanawa. Wanda ya taɓa kallon wasan ƙarshe a babban allo cikin duhu ya san abin da nake nufi.

Ga lissafi mai sauƙi. Don hoto ya cika maka ido irin na sinima, tazararka ta zama kamar girman allon sau 1.2. Don kallon yau da kullum, sau 1.6. Wato inci 65 na son mita 2 zuwa 2.6, inci 100 na son mita 3 zuwa 4. Idan falonka dogo ne, kujera na mita 5 daga bango, inci 65 za ta zame maka ƙarama ko da ita ce sarauniyar talabijin.

Kada kuma ka bari 4K ta ruɗe ka. Ƙananan ɗigon da ke haɗa hotonsa 3840 ne a kwance, 2160 a tsaye, kimanin miliyan 8.3, ninki huɗu na hoto mai ɗigo 1080 a tsaye. Amma lafiyayyen ido da ke zaune nesa da mita biyu da rabi daga inci 65 da ƙyar zai bambance su. A babban allon majigi ne yawan ɗigo ke da amfani sosai. Yawancin majigan da aka rubuta wa 4K ba su da ɗigo miliyan takwas a jikin guntunsu (ɗan sashen cikin majigi da ke haɗa hoton), suna girgiza hoton ne da sauri don su cike adadin. Masu cikakken 4K na asali, irin manyan na Sony da JVC, sun fi tsada nesa ba kusa ba. Daga kujera bambancin bai kai yadda ake zuzuta shi ba, ni ba a nan zan zuba kuɗina ba.

Mataki na uku: tafi da kayan gwajinka a aljihu

Bidiyon da ake kunnawa a shago an yi shi ne don ya sayar da kaya: furanni, tsuntsaye masu kala, ruwa na zuba a hankali. Kowace talabijin tana kyau da shi. Ka zuba naka a filash, gajeru guda biyar ko shida.

Na farko, wurin dare a fim, inda baƙin mutum ke magana cikin ɗaki mai ƙarancin haske. Na biyu, bidiyon hawan sallah ko ɗaurin aure da aka ɗauka da rana tsaka, mai fararen manyan riguna da rawuna. Na uku, minti biyu na ƙwallo inda kyamara ke bin dogon bugu. Na huɗu, farin rubutu a kan baƙin fage, ko jinjirin wata a sararin dare. Na biyar, hoto mai ruwan toka zalla, babu komai a cikinsa. Na ƙarshe, wani abu marar inganci irin wanda ake turowa a WhatsApp, ko tsohon fim ɗin Hausa, domin gaskiya irinsu ne za su fi yawa a allon gidanka.

Ka haɗa da hoton wani na gida da ka san kalar fatarsa kamar tafin hannunka.

Mataki na huɗu: karɓi rimot

Talabijin ɗin shago tana kan saitin baje koli, wanda ke ƙure haske da kala. A jerin saituna za ka ga Vivid ko Dynamic, ka fita daga nan. Nemi Filmmaker Mode, wanda aka ɓullo da shi a 2019 kuma yake cikin LG, Samsung, Hisense da wasunsu, ko Cinema, ko Movie. Haka za ka yi wa majigi. Da farko hoton zai yi maka kamar ya yi ja-ja ko rawaya-rawaya. Ba shi minti biyar. Idonka ne ya saba da farin da aka cika wa shuɗi, kamar yadin da ya sha bula.

Kashe abin da ke santsa motsi, da na rage cin wuta, da na ƙara kaifin hoto. Idan mai shago ya ƙi ba ka rimot, ko ya ƙi a rage fitilun wurin na minti goma, ka yi masa sallama cikin mutunci. Mai sayen kayan miliyoyi yana da haƙƙin ya ga abin da zai saya.

Mataki na biyar: baƙi, inda ake yin ta

Idan lokacinka kaɗan ne, wannan gwajin kaɗai ka yi. Tazarar da ke tsakanin mafi duhu da mafi haske ita ke sa hoto ya yi zurfi, har ka ji kamar ka miƙa hannu ciki.

Kunna wurin daren nan. A talabijin ta OLED kowane ɗigo shi ke kunna kansa, shi ke kashe kansa. Inda aka ce baƙi, ɗigon a kashe yake ɗungurum. A ɗaki mai duhu ba za ka ga inda hoto ya ƙare da inda bango ya fara ba. Har yau babu majigin gida da ya kamo wannan.

Talabijin ta Mini-LED, irin Neo QLED na Samsung da manyan TCL da Hisense, fitilu ne ƙanana dubbai a bayan gilashi, an kasa su gungu-gungu, kowane gungu na ƙaruwa ko raguwa da kansa. Baƙinta yana da kyau ƙwarai, amma kunna jinjirin watan nan ko farin rubutun ka gani. Za ka lura da wani hazo-hazo kewaye da shi, kamar wata ya yi lema. Yanzu tashi ka koma gefe ka sake dubawa. Hazon zai ƙaru, kala kuma za ta ɗan koɗe. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, tunda kujerun falonmu a jikin bango ake jera su, yara kuma a ƙasa suke zama. Mutum ɗaya ko biyu ne kawai ke fuskantar allo sak. OLED da majigi duk sun fi haƙuri da mai kallo daga gefe.

Majigi iri uku ne. Akwai DLP, mai guntun kamfanin Texas Instruments da ke ɗauke da ƙananan madubai masu juyawa. Hotonsa na da kaifi, amma baƙinsa ya fi kusa da toka. Akwai 3LCD na Epson, mai yalwar hasken kala, manyansa kuma baƙinsu ba laifi. Sai LCoS, wanda JVC ke kira D-ILA, Sony ke kira SXRD. Su ne suka fi kowa baƙi a duniyar majigi, musamman JVC. Amma ka tuna takardar da ka manna a bango: wanda ya sa JVC a farin falo ya biya kuɗin baƙin da ba zai taɓa gani ba.

Kada ka tsaya a kan duhun kawai, duba abin da ke cikin duhun. Fuskar mutumin nan, kana ganin tudun kuncinsa, da layin gemunsa, da inda hularsa ta rabu da bango? Wasu na'urorin suna haɗiye duk wannan don baƙinsu ya burge. A wurin mu masu duhun fata wannan babban aibi ne, domin fuskokinmu ne ke fara ɓacewa. Na sha ganin talabijin mai tsada da ta mayar da ango da abokansa inuwa masu haƙora. Wadda ta nuna maka fuska cikakkiya cikin duhu, ita ce ta ci gwajin.

Idan majigin DLP ne mai guntu ɗaya, ƙara gwaji guda. Sa farin rubutu a baƙin fage, ka riƙa kaɗa idonka hagu da dama da sauri. Wasu mutane suna ganin walƙiyar ja, kore da shuɗi kamar bakan gizo, har ta sa musu ciwon kai, wasu ba sa gani sam. Ka je da wanda za ku riƙa kallo tare, kada ka yanke hukunci da idonka kaɗai.

Mataki na shida: lissafin haske

Hasken talabijin da nit ake auna shi, na majigi da lumen, shi ya sa masu sayarwa ke samun damar rikita mutane. Ga yadda za ka haɗa su a ma'auni ɗaya. A farin allo na yau da kullum mai inci 100, raba lumen da 8.7. A inci 120, raba da 12.5. A inci 150, raba da 19.5. Majigi mai lumen 2,500 zai ba ka kusan nit 290 a inci 100, nit 200 a inci 120. Wannan ma a saitinsa mafi haske ne, mai kore-koren kala. Da ka mayar da shi saitin da kalarsa ke daidai, kashi ɗaya cikin uku ko fiye ya tafi.

Nit 130 ɗin da zai rage a inci 120 ba kaɗan ba ne a cikin duhu. Ma'aunin gidan sinima na yau da kullum nit 48 ne kacal, kuma ba wanda ke kukan duhu a can. Matsalar tana zuwa ne da rana, da kuma HDR, wato tsarin hoto mai faɗin tazara tsakanin haske da duhu. Finafinan HDR galibi ana shirya su ne a kan nit 1,000, wasu 4,000. Manyan OLED suna kai dubu ko su wuce a ɗan ƙaramin wuri na allo, manyan Mini-LED suna haura 2,000. Shi ya sa ƙyallin rana a kan takobin ɗan dogari ko fitilar mota cikin dare ke sa ka ƙifta ido a talabijin. Majigi dole ya matse duk wannan cikin ɗan abin da yake da shi, kuma gwanintar matsewar ta bambanta daga na'ura zuwa na'ura.

A nan bidiyon hawan sallah zai yi maka aiki. Dubi farar babbar riga a rana. Kana ganin aikin zaren da ke ƙirjinta, da ninkin rawani ɗaya bayan ɗaya? Ko duk sun narke sun zama farin fili? Na'urar kirki tana riƙe zare a cikin fari kamar yadda take riƙe fuska a cikin baƙi.

Lambar lumen da za ka yarda da ita ita ce mai alamar ma'aunin ANSI ko ISO a gefenta. Ƙananan majigan da ake rubuta wa dubu tara ko dubu goma sha biyu a kwali, ana sayar da su kuɗin wayar hannu, haskensu na gaskiya 'yan ɗaruruwa ne.

Akwai majigin laser da ake ajiyewa dab da bango, ana haɗa shi da allo na musamman mai ruwan toka da ke kauce wa hasken da ke sauka daga silin. Yana taimakawa sosai da ƙwan ɗaki. Hasken tagar Sakkwato da ƙarfe biyu na rana kuwa ya fi ƙarfinsa.

Mataki na bakwai: kala, motsi, da abin da za ka ciyar da ita

Buɗe hoton ɗan gidanku. Idan fatarsa ta koma ja kamar an shafa mata manja, ko ta yi toka-toka, a gyara saiti. Idan an gyara ba ta dawo ba, wuce. Ciyawar fili ta zama koriyar ciyawa, ba koren alawa ba. QD-OLED, wani nau'in OLED, da majigi mai laser uku su suka fi zurfin kala, sai dai na laser ukun wani lokaci yana da ɗan ƙyalƙyali kamar yashi a kan hoto. Matsa kusa ka duba ko zai dame ka.

Sa ƙwallon. Bi ƙwallo da ido lokacin dogon bugu: tana nan ɗaya, ko tana ja da wutsiya, ko tana ɓacewa ta dawo? Sannan sa hoton tokar nan, ka nemi tabo-tabo ko layuka a tsaye. Duk dattin da ka gani a nan, za ka riƙa ganinsa a kan ciyawa duk lokacin da kyamara ta juya, tsawon shekarun da za ka yi da na'urar.

Sai ka sa bidiyon WhatsApp ɗin. Babban allo ba ya rufa wa hoto asiri, aibinsa yake faɗaɗawa. Yawancin abin da dikoda ke kawowa bai wuce 1080 ba, tashoshi da dama ma ba su kai ba. 4K ta intanet kuwa, Netflix na neman megabit 15 a daƙiƙa, kuma tana iya cin gig 7 a awa guda. Yi wa kanka lissafin data. Idan kashi tara cikin goma na kallonka tashoshin dikoda ne, gwanintar na'ura wajen gyara hoto mai rauni ta fi maka komai muhimmanci, kuma a nan manyan talabijin, musamman na Sony, sun yi wa yawancin majigai nisa.

Mataki na takwas: hoton bayan shekara biyu

Kyawun ranar farko daban, na bayan hunturu biyu daban. Majigi yana zuƙar iska don ya huce, iskarmu kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura ce. Tana toshe matatarsa, a na 3LCD har takan shiga ciki ta bar tabo a hoto. Ka tambaya ko hanyar haskensa a rufe take ruf, ka kuma ɗauki wanke matatar iskar a matsayin aikin kowane mako biyu lokacin hazo.

Zafi ma haka. Yawancin waɗannan na'urori an rubuta su yi aiki ƙasa da digiri 35 zuwa 40, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 40, kuma saman ɗaki inda ake rataye majigi ya fi ko'ina zafi. Ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba, fankarsa za ta yi ta gurnani, ransa ya gajarta.

Majigi mai ƙwan fitila haskensa na raguwa a hankali, bayan awa dubu biyu zuwa biyar sai an canza ƙwai. Yana kuma buƙatar fanka ta ci gaba da hura shi bayan an kashe, ɗaukewar wuta farat ɗaya tana cin ransa. Ko dai ka ɗora shi a kan inbata, ko ka sayi na laser, wanda ake ƙiyasta masa awa 20,000. Kowanne ka saya, kada ka haɗa shi da janareta kai tsaye babu abin daidaita wuta.

OLED ma tana da nata. Gidan da ake barin tasha ɗaya tun safe har dare, ta labarai ko ta Harami, tambarin tashar da layin rubutun ƙasa suna iya barin inuwa ta dindindin a gilashi. Sababbin sun fi jurewa, amma ga irin wannan gida Mini-LED na fi ba da shawara.

Inda na tsaya

Falon iyali mai tagogi, ana kallo dare da rana: Mini-LED, mafi girman da aljihu da ƙofa za su ɗauka. Yanzu har masu inci 98 da 100 akwai, faɗinsu ya haura mita biyu, don haka ka auna ƙofa da lungun shiga kafin mota ta iso. Mai kallon fim da dare shi da iyalinsa, a tazarar mita biyu zuwa uku: OLED, ba na ko tantama. Majigi kuwa na wanda ke da ɗakin da zai sadaukar ne, ya yi masa fenti mai duhu, ya sa sanyi, ya sa inbata. Idan ka yi masa haka, inci 120 zai ba ka abin da talabijin mai inci 65 ba za ta taɓa ba ka ba.

Yayana ɗakin baƙi ya kwashe, ya mayar da majigin can, aka yi wa silin da bango fenti ruwan ƙasa mai duhu, aka shimfiɗa darduma. Falon kuma ya sa masa talabijin.

Ranar da za a kawo maka taka, kada ka sallami masu kafawa sai ka sa filash ɗinka. Nuna fari zalla, baƙi zalla, ja, kore da shuɗi, ka matsa dab da allo ka nemi ɗigon da ya mutu ko ya maƙale. Ka yi yarjejeniya da mai shago tun kafin biya, a rubuce a jikin rasit, cewa idan an samu irin wannan za a canza. Kwalin kuma ka adana shi a inda ruwa da gara ba za su taɓa shi ba, har wa'adin garanti ya cika.